Gina madatsar ruwa don sha da noman rani: tambayoyi da amsoshi kan tsari da kuɗi

Duk lokacin da aka ji labarin za a gina dam a wani yanki, tambayoyi iri ɗaya ne ke tasowa daga bakin manoma, masu unguwanni, kansiloli da mazauna birnin da famfonsu ya daɗe bai kawo ruwa ba. An tattara waɗanda suka fi maimaituwa a nan, an kuma ɗauko misalai daga madatsun arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar.

1. Me ya sa ake haɗa ruwan sha da noman rani a madatsa ɗaya?

Damina a ƙasar Hausa wata huɗu ce zuwa biyar, kuma yawancin kogunanmu suna cika su batse a watan Agusta, sannan su koma yashi kafin bazara. Aikin madatsa shi ne ta tare ruwan waɗannan 'yan watanni, a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har shekara ta zagayo. Tun da ginin bangon yana cin kuɗi mai yawa, ko birni kaɗai zai sha ko gonaki kaɗai, gwamnatoci sun fi son aiki ɗaya ya biya buƙatu da dama. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ce misalin da kowa ya sani: ruwanta ne ke shayar da gonakin Kadawa da Kura, kuma daga Kogin Kano da take ciyarwa ne matatar Tamburawa ke ɗibar ruwan da ake turawa cikin birnin Kano. Haɗin yana da riba, amma yana zuwa da takaddama, domin birni yana son ruwa daidai wa daida kullum, manomi kuwa yana son mai yawa a ɗan lokaci (duba tambaya ta 4).

2. Wane bincike ake yi kafin a tsayar da wurin da za a gina?

Na farko shi ne sanin kogin kansa: nawa yake kawowa a shekara mai albarka, nawa a shekarar fari, kuma wace ambaliya ce mafi girma da zai iya yi. Wannan yana buƙatar ma'aunin ruwan sama da na gudun kogi na shekaru masu yawa. Madatsu da dama na arewa an zana su ne da alƙaluman shekarun 1950 da 1960, lokacin da ruwan sama ya wadata, sai farin 1973 da na 1984 suka nuna cewa kogunan ba sa kawo abin da aka zata a kowace shekara.

Na biyu shi ne ƙasar da bangon zai zauna a kai. Ana haƙa ramuka masu zurfi a ga ko akwai dutse ko laka mai riƙe ruwa, domin yashi yana barin ruwa ya sulale ta ƙarƙashi. Ana kuma neman kwazazzabo mai ƙunci da zurfi, saboda tafki mai faɗi marar zurfi yana cinye gonaki da yawa kuma rana tana shanye shi da sauri. Daga nan sai gwajin ƙasar noman da za a shayar, ƙidayar gidaje da gonakin da ruwa zai mamaye, da nazarin illa ga muhalli, wanda dokar Najeriya ta 1992 ta wajabta wa manyan ayyuka irin wannan. Duk wanda aka gaya wa an kammala tsari yana da haƙƙin ya nemi ganin rahoton wannan nazari, domin doka ta tanadi a baje shi ga jama'a su yi tsokaci.

3. Ta yaya ake lissafa yawan ruwan da ake buƙata?

Ga misali na lissafi kawai. Birni mai mutum miliyan 1, idan aka ware wa kowa lita 100 a rana, yana buƙatar kubik mita 100,000 kullum, wato miliyan 36.5 a shekara. Sai a ƙara abin da ke zubewa ta fasassun bututu, a kuma ƙara yawan jama'ar da za a samu nan da shekara 25 ko 30, domin ba don mutanen yau kaɗai ake gini ba. A ɓangaren noma, hekta ɗaya ta shinkafar rani tana iya shan kubik mita 12,000 ko fiye idan an haɗa da abin da ke ɓacewa a magudanai, saboda haka hekta 10,000 za su sha miliyan 120. Gonakin ƙaramar hukuma ɗaya ke nan sun ninka buƙatar babban birni sau uku. Alkama da tumatir ba su kai shinkafa shan ruwa ba, shi ya sa zaɓin amfanin gona yake cikin tsarin tun daga farko.

Akwai mai shan ruwa na uku da ba ya cikin jerin masu biya, wato rana da iska. A arewa, zurfin ruwan da ke tashi sama daga buɗaɗɗen tafki yana kai kimanin mita 2 a shekara. Tafkin Tiga idan ya cika faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 178, don haka abin da ke tashi daga kansa ya zarce abin da birnin misalinmu zai sha sau da yawa. Bayan haka akwai ruwan da ke kwance can ƙasan tafki, wanda ba ya kai bakin ƙofar fitarwa, da rabon da dole a saki wa mutanen gangaren kogi (tambaya ta 10). Adadin da ake shelantawa ranar buɗe madatsa, saboda haka, ba shi ne ruwan da za a iya rabawa ba.

4. Idan ruwa ya yi ƙaranci, wa ake fara ba?

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce shan mutane da dabbobi ne a gaba, sannan noma, sannan wutar lantarki idan akwai injin. Abin da ke kawo rigima shi ne rashin rubuta ƙa'idar da lambobi: idan ruwa ya sauka zuwa tsayi kaza a watan Nuwamba, hekta nawa za a yarda a shuka a wannan rani? Idan an sanar da manomi kafin ya sayi iri da taki, zai rage gona ko ya sauya shuka. Idan kuwa sai shinkafa ta fara ciki a watan Maris aka rufe masa ƙofa, an jefa shi cikin bashi. A farkon 2018 ruwan madatsar Goronyo ya ja baya ƙwarai, har hankalin mutanen Sakkwato da Birnin Kebbi ya tashi, domin Kogin Rima ne ke shayar da biranen da kuma fadamun da ke tsakaninsu. Irin wannan shekara ce ya kamata a rubuta wa doka tun kafin a aza harsashi.

5. Wa ke da alhakin ginawa, tarayya ko jiha?

A Najeriya, ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya yana ƙarƙashin ikon gwamnatin tarayya, kuma tana aiki ta hannun hukumomin raya koguna guda 12. Waɗanda suka fi shafar mu su ne ta Hadeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, ta Sakkwato da Rima, ta Tafkin Chadi a Maiduguri, da ta Binuwai ta sama a Yola. Tace ruwa da raba shi gida-gida kuwa aikin hukumar ruwa ta jiha ne. Wannan rabon aiki shi ne tushen matsalar da aka yi bayani a tambaya ta 8, domin mai bango daban, mai famfo daban, kuma kasafin kuɗinsu ba ya tafiya tare.

6. Daga ina kuɗin ke fitowa?

Hanya ta farko ita ce kasafin kuɗin gwamnati. Tiga, Bakolori da Goronyo 'ya'yan zamanin arzikin man fetur ne, lokacin da gwamnati ke iya ɗaukar nauyin aiki kai tsaye. Raunin wannan hanya shi ne kasafi na shekara ɗaya ne, madatsa kuwa aikin shekara huɗu ne zuwa shida. Idan aka saki rabin kuɗin bana aka hana na baɗi, ɗan kwangila ya kwashe kayansa, damina ta lalata abin da aka tara, farashi ya tashi, a dawo ana sake duba kwangila. Madatsar Kafin Zaki a jihar Bauchi an fara ta a farkon shekarun 1980, aka dakatar, kuma har yau ba a kammala ba.

Hanya ta biyu ita ce rance mai sauƙin sharaɗi daga Bankin Duniya, Bankin Raya Afirka ko Bankin Musulunci, wanda ake biya cikin shekaru masu tsawo. Jiha ba ta karɓar irin wannan rance da kanta, sai ta hannun gwamnatin tarayya, kuma ana cire biyan daga kasonta na wata-wata. Masu ba da rancen suna gindaya sharuɗɗa kan diyya, tsaron madatsa da gaskiyar bayar da kwangila, waɗanda ke jinkirta farawa amma suna kare talaka. Haɗarin shi ne bashin na dala ne, kuɗin shigar hukumar ruwa kuwa na naira, don haka duk faɗuwar naira ƙarin nauyi ne a wuyan jiha.

A zahiri yawanci haɗa hanyoyin ake yi. Aikin ruwan Zariya ya nuna haka: gwamnatin tarayya ta ɗauki madatsar Galma, jihar Kaduna ta ɗauki matatar da ke iya tace lita miliyan 150 a rana, Bankin Musulunci ya ba da kuɗin manyan bututu da tankuna, Bankin Raya Afirka kuma na bututun cikin gari. Rabon nauyin ya sa aikin ya yiwu, sai dai idan hannu ɗaya ya makara, sauran ukun dole su jira shi.

7. Shin 'yan kasuwa ko sukuk za su iya ɗaukar nauyin aikin?

Ɗan kasuwa yana zuba kuɗi inda zai ga abin sayarwa. Wutar lantarki tana da mai saye, shi ya sa aka samu kamfani mai zaman kansa ya karɓi tashar wuta mai megawat 40 ta madatsar Dadin Kowa a jihar Gombe. Bangon madatsa da manyan magudanai kuwa ribarsu a warwatse take cikin jama'a, a abinci mai araha da aikin yi da raguwar cuta, kuma abin da ƙaramin manomi zai iya biya ba zai taɓa mayar da kuɗin ginin ba. Saboda haka wanda ya ce za a gina babbar madatsar noma ba tare da sisin gwamnati ba, a nemi ya nuna takardar wanda zai biya a ƙarshe.

Sukuk, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, hanya ce da ta dace da waɗanda ke ƙyamar bashi mai ruwa. Jihar Osun ta yi amfani da shi a 2013 wajen gina makarantu, gwamnatin tarayya kuma ta fara nata a 2017 da naira biliyan 100 don hanyoyi. Alfanunsa biyu ne: na naira ne, kuma kuɗin a ɗaure yake da takamaiman aiki, ba a karkatar da shi. Amma wa'adinsa gajere ne idan aka kwatanta da rayuwar madatsa, don haka ya fi dacewa da matata da bututu.

8. Me ya sa ake gama madatsa amma famfo bai kawo ruwa ba, gona ba ta jiƙa ba?

Domin bangon shi ne ɓangaren da ake gani, shi ake yanke wa ƙyalle, shi ake ɗauka hoto. Abin da ke kai ruwa ga mutum kuwa shi ne tashar ɗiba, matata, wutar da za ta juya injuna, bututu mai tsawon kilomita da yawa, tankuna, babbar magudana da 'ya'yanta, gyaran shimfiɗar gonaki, da lambatun fitar da rarar ruwa. Kuɗin waɗannan yakan kai na bangon, wani lokaci ya wuce shi. An kammala madatsar Zobe kusa da Dutsin-Ma a 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin kai ruwanta birnin Katsina. Kusan shekara 40 ke nan ruwa yana kwance, yara suna sayen jarka a hannun 'yan garuwa.

A ganinmu wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci a wannan shafi. Al'ummar da aka yi wa alƙawarin madatsa ta nemi a nuna mata kuɗin matata da magudanai a cikin tsari ɗaya da na bangon, da sunan hukumar da za ta biya kowanne da shekarar da za ta biya. Idan an ce wannan sai a zango na biyu, a tambayi inda kuɗin zango na biyun yake.

9. Yaya batun diyyar waɗanda ruwa zai ci gidajensu da gonakinsu?

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, kamar gini, amfanin gona da itatuwa, ba darajar gonar gado kanta ba. Ga manomin da fadamarsa ke ciyar da gidansa kowace shekara, kuɗin amfanin damina ɗaya ba diyya ba ce. Shi ya sa sharuɗɗan manyan bankunan raya ƙasa suka fi dokar tsauri: a ba da gona a madadin gona, a gina matsuguni kafin a tare ruwa, a kuma lissafa masunta, makiyayan da burtalinsu da mashayarsu za su nutse, da matan da ke noma a gonar da ba sunansu a kai.

Bakolori ta isa darasi. Madatsar da aka kammala a 1978 kusa da Talatar Mafara ta raba dubban mutane da muhallinsu, manoma suka yi ta kokawa kan diyya da gonakin da aka hana su nomawa ana gyaran fili, har suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sanda, aka rasa rayuka masu yawa. Kuɗin diyya ba kyauta ba ce da ake yi idan an samu rara. Sashe ne na farashin madatsa kamar siminti da ƙarfe, kuma ya kamata a ajiye shi kafin katafila ta shiga gona.

10. Mutanen gangaren kogi fa, me za su rasa?

Su ne waɗanda aka fi mantawa da su, alhali sukan fi waɗanda aka tasa yawa. Kafin Tiga da Challawa Gorge, wadda aka kammala a 1992, ambaliyar kowace shekara ce ke jiƙa fadamun Hadeja da Nguru, ta kawo kifi, ciyawar dabbobi da shinkafar fadama, ta kuma cika rijiyoyi. Da aka tare koguna, ambaliyar ta ragu, ruwan da ake saki duk shekara kuma ya ba ciyawar kachala damar toshe hanyoyin ruwa, sai ga wani gefe yana nutsewa wani yana bushewa. Binciken masana tattalin arziki a shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da ke malala a fadamun yana haifar da amfani fiye da irinsa a manyan gonakin ban ruwa na sama. Adawar jihohin Yobe da Borno, waɗanda ke gangaren ruwa, ga madatsar Kafin Zaki daga nan ta samo asali, ba daga hassada ba. Tsari nagari yana rubuta adadin ruwan da za a saki da lokacin sakinsa, kuma ƙofofin madatsar su kasance masu girman da za su iya fitar da shi.

11. Idan kogin ya ƙetare iyakar ƙasa fa?

Najeriya da Nijar sun sa hannu kan yarjejeniya a Maiduguri a 1990 game da kogunan da suke tarayya a kai, ciki har da Gulbin Maraɗi, wanda madatsar Jibiya ke kan ruwansa, da Komadugu Yobe. Kogin Kwara kuwa yana da hukumar ƙasashe 9 mai mazauni a Yamai. Madatsar Kandadji a yankin Tillaberi ta nuna yadda irin wannan aiki ke da wuya: an tsara ta don ta ba da megawat 130, ta shayar da hekta 45,000, ta kuma tabbatar wa Yamai ruwa a bazara, birnin da ya ga kogin ya daina gudu a 1985. An aza harsashi a 2008, aka soke kwangilar kamfanin Rasha na farko, aka sake tayar da aikin a 2019 da kamfanin Sin. Yawan masu ba da rance yana rage nauyi, amma yana sa aikin ya dogara da zaman lafiyar siyasa da tsaro na shekaru masu yawa.

12. Bayan an gama, wa zai biya kuɗin kula da ita?

Nan ne yawancin ayyukanmu suka durƙushe. Magudanai suna cika da laka da ciyawa, ƙofofi suna tsatsa, injuna suna mutuwa, manomin da ke bakin magudana ya sha ya ƙoshi, na ƙarshen layi ya koma sayen fetur yana jan ruwa da inji. Shirin inganta noman rani mai suna TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da rancen kusan dala miliyan 495, akasarin kuɗinsa gyaran abin da aka riga aka gina ne a Bakolori, Rima ta tsakiya, Kadawa, kwarin Hadeja da Dadin Kowa. Wato an ci bashi don biyan gyaran da aka ƙi yi shekara da shekaru.

Hanyar da ake bi yanzu ita ce ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa su karɓi kuɗi kan kowace hekta, su riƙe wani kaso don yashe ƙananan magudanai, hukuma ta kula da bango da babbar magudana. Manomi ba ya ƙin biya idan ruwa yana zuwa ranar da aka ce, kuma yana ganin inda kuɗinsa ya shiga. Haka ma mazaunin birni, wanda abin da yake ba 'yan garuwa a wata ya fi kuɗin famfo nesa ba kusa ba. Akwai kuma kula da can saman kogi: sare itatuwa da noma har bakin rafi suna tura yashi cikin tafki, a hankali ya cinye wurin ruwan da aka lissafa a tambaya ta 3.

13. Me ke sa madatsa ta fashe, kuma me ya kamata tsari ya tanada?

Yawancin madatsunmu na ƙasa ne da aka daddaɓe, kuma abu biyu ne ke kashe irinsu: ruwa ya hau ta kan bango saboda mafitar rarar ruwa ta yi kaɗan ko ta lalace, ko kuma ya yi ta tsiyaya ta ciki har ya rarake hanya. Madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988. Ta Alau, wadda aka kammala a 1986 don shayar da Maiduguri da gonakin kewaye, ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye babban sashen birnin, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, shekara 30 bayan ambaliyar 1994 daga wannan madatsa.

Tsarin da ya cika yana ware kuɗin duba bango kowace shekara kafin damina da bayanta, da na'urorin auna tsiyaya, da binciken injiniyoyi masu zaman kansu lokaci-lokaci. Yana kuma ɗauke da taswirar unguwanni da ƙauyukan da ruwa zai bi idan abu ya ɓaci, da sunan jami'in da ke da ikon buɗe ƙofofi, da yadda gargaɗi zai isa ga hakimi, dagaci, mai unguwa da gidan rediyo cikin dare. Mazauna gangaren kowace madatsa suna iya zuwa ofishin hukumar kogin yankinsu su tambayi ranar da aka yi mata binciken ƙarshe da abin da aka gano.